Dakta Abdel Halim Muhammad, likitan zuciya daga Umdurman da ya jagoranci ƙwallon Afirka

A Sudan ana kiran sa uban likitoci. An haifi Abdel Halim Muhammad a Umdurman a watan Afrilu na 1910, a gidan da ya san yaƙi: kakansa, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Mahadi, ya kwanta dama a fagen Toshki a 1889.

Jikan kuwa asibiti ya nufa. Bayan Kwalejin Gordon, ya shiga makarantar likitoci ta Kitchener a Khartum, ya kammala a 1933, lokacin da Turawan Ingila ke riƙe da kusan duk manyan muƙaman asibitocin ƙasar. Ya ƙaro ilimi a Landan, ya ƙware a kan ciwon zuciya, sannan ya komo gida ya shugabanci asibitin Umdurman, daga baya babban asibitin Khartum.

A farkon aikinsa, mai fama da ciwon ƙirji ƙwayar nitroglycerin yake sawa ƙarƙashin harshe, don in an haɗiye ta hanta na lalata mafi yawanta kafin ta shiga jini. Allah ya ja kwanansa har ya ga zamanin da ake manna wannan magani a fata kamar filasta, yana ratsa jiki sannu a hankali na sa'o'i masu yawa, abin da ya bazu tun farkon shekarun 1980.

Bai tsaya a asibiti ba. Ya yi magajin garin Khartum. Bayan boren jama'a na Oktoban 1964 da ya kawar da Janar Ibrahim Abbud, yana cikin ƴan majalisar ƙoli da ta riƙe ƙasar har 1965.

Masu sha'awar ƙwallo kuma sun san shi ta wata fuskar. Yana cikin waɗanda suka kafa hukumar CAF a Khartum a 1957, shekarar da aka fitar da Afirka ta Kudu daga gasar farko don ta ƙi haɗa baƙaƙe da farare a tawagarta. Ya shugabanci hukumar daga 1968 zuwa 1972, kuma a zamaninsa Sudan ta ci kofin Afirka a gida a 1970.

Ya rasu a Afrilun 2009 yana da shekara 99. Allah ya jiƙansa.