Ludwig Schnorr von Carolsfeld

Ludwig Schnorr von Carolsfeld (2 ga Yuli, 1836 – 21 ga Yuli, 1865) mawaƙin opera ne ɗan ƙasar Jamus. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zantukansa cikin waƙa tare da makaɗa. Yana da irin muryar da ake kira teno, wadda ta fi sauran muryoyin maza da aka saba ji tashi sama. Jamusawa na kiran irin tasa mai ƙarfi Heldentenor, daga kalmar Held mai ma'anar jarumi. An fi saninsa da kasancewa mutum na farko da ya fito a matsayin Tristan a wasan Tristan und Isolde na Richard Wagner.

Farkon rayuwa

An haife shi a Munich, babban birnin masarautar Bavaria a lokacin. Mahaifinsa, Julius Schnorr von Carolsfeld, fitaccen mai zane ne da ya shahara da zana labaran Littafi Mai Tsarki. Ludwig ya yi karatu a Dresden, sannan ya shiga makarantar koyon kiɗa da waƙa ta Leipzig.

Aiki

A shekarar 1854 ya fara aiki a gidan wasan fada da ke Karlsruhe, ƙarƙashin Eduard Devrient, inda ya soma da ƙananan matsayi kafin ya zama babban teno na gidan. A can ya haɗu da mawaƙiya Malvina Garrigues, haifaffiyar Copenhagen, wadda ta girme shi da shekara goma. Sun yi aure a 1860, kuma a shekarar suka koma Dresden. A 1861 ya rera Lohengrin a Munich a gaban yarima Ludwig, wanda ya zama Sarki Ludwig na Biyu a 1864, ya kuma ɗauki nauyin Wagner.

Tristan

Wagner ya gama rubuta Tristan und Isolde tun 1859, amma ya rasa mai iya rera shi. A Vienna an yi gwaji fiye da sau 70 tsakanin 1862 da 1864, daga ƙarshe aka haƙura, har aka fara cewa wasan ba ya reruwa. Wahalar ta fi yawa a kashi na uku, inda Tristan ke kwance da rauni yana sambatu na dogon lokaci, kuma dole muryarsa ta fito sama da tarin makaɗa. Wagner ya riga ya ji Schnorr da matarsa suna rera sassan wasan a Biebrich a 1862, don haka da kuɗin sarki suka samu, su ya nema.

An sa ranar 15 ga Mayu, 1865, sai muryar Malvina ta dushe, aka ɗage. An fara nuna wasan ranar 10 ga Yuni a Munich, Hans von Bülow na jagorantar makaɗa, miji na Tristan, mata na Isolde. Schnorr mutum ne mai ƙiba sosai, amma waɗanda suka gan shi sun yabi wasansa kamar yadda suka yabi muryar. Sau huɗu kacal ya rera shi.

Rasuwa

Bayan Tristan ya fito a matsayin Erik a Der fliegende Holländer, sannan ya koma Dresden. Ya rasu a can ranar 21 ga Yuli, mako shida bayan daren farko, yana da shekara 29. Nan take labari ya bazu cewa Tristan ne ya kashe shi, kuma wannan zance ya daɗe yana tsorata mawaƙa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne rashin lafiya ce mai zazzaɓi ta kwantar da shi. Shi kansa ya koka da iskar sanyi da ta riƙa bugunsa a dandali yana kwance cikin gumi.

Malvina ta bar fitowa a opera bayan rasuwarsa, ta koma koyar da waƙa, ta rasu a Karlsruhe a 1904. Ba a sake nuna Tristan und Isolde ba sai a 1869, a Munich, inda wasu ma'auratan, Heinrich da Therese Vogl, suka ɗauki matsayin biyu.