Nikolai Vavilov: Masanin Hatsin Da Yunwa Ta Kashe

An haifi Nikolai Vavilov a Mosko a 1887. Ya zaga ƙasashe, har da Habasha a 1927, yana tattara irin alkama da sha'ir. A fahimtarsa, lokacin da hatsi ke fid da kai gado ne daga iri. Abokin hamayyarsa Lisenko, mai ɗaurin gindin Stalin, ya ce sanyaya irin alkama na sauya gadon. Vavilov ya ƙi yarda, aka kama shi a 1940, yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943. Kimiyya ta gaskata shi. Ni dai, shi nake tunawa in na ga dawar gefen Gwarinpa ta jira ƙarshen damina kafin ta fid da kai.