James Stewart: Janar ɗin da ya riƙe abokinsa da jirgin wasan yara

Waɗanda suka yi zamanin kallon finafinan kaboyi a silima za su tuna wani dogon Bature siriri, mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomin. Sunansa James Stewart. Ya rasu tun 1997, amma na ga ya dace in kawo tarihinsa, don akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu da muke zaune a Kudu cikin mutanen da ba yarenmu ɗaya ba.

An haife shi ranar 20 ga Mayu, 1908, a garin Indiana da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Mahaifinsa yana da shagon sayar da kayan aiki irin su ƙusa da guduma. Yaro ne mai kunya, in an taso makaranta sai ya shige ɗakin ƙasa na gidansu ya yi ta harhaɗa ƙananan jirage. Mu ma a Kafanchan, inda na tashi, mun yi irin wannan da kara da gwangwani da waya. Mu da muka girma mun bari, shi kuwa har tsufa.

Ya gama Jami'ar Princeton a 1932 inda ya karanta zanen gine-gine, amma sai wasan kwaikwayo ya ja shi. A New York ya zauna ɗaki ɗaya da wani matashi, Henry Fonda. Aljihu babu nauyi, nishaɗinsu shi ne haɗa jiragen wasa. A 1935 ya koma Holiwud, ya yi suna, ya kuma koyi tuƙa jirgin gaske. Kyautar Oscar da ya ci a 1941, a shagon mahaifinsa aka ajiye ta shekara da shekaru.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, sojoji suka ƙi ɗaukarsa saboda rama. Ya nace har aka karɓe shi a Maris 1941, a matsayin kurtu, alhali duk ƙasar ta san fuskarsa. Aka so a bar shi gida yana koyarwa, ya ce sai fagen daga. A ƙarshen 1943 ya isa Ingila, ya kai hari 20 da jirgin B-24 kan wuraren da Jamus ke riƙe da su. Ya zama kanar a 1945, sannan birgediya janar na rundunar ko-ta-kwana a 1959. Da ya dawo, da wuya a ji yana ba da labarin yaƙin. Ya ga yaran da ya tura ba su dawo ba.

Ya daɗe yana tuzuru, sai yana da shekara 41 ya auri Gloria McLean, a Agusta 1949. Bazawara ce mai 'ya'ya maza biyu, Ronald da Michael. Bai riƙe su a matsayin agola ba, 'ya'yansa ya mai da su, sannan suka samu tagwaye mata a 1951. A garin da aure ba ya ƙarko, sun yi shekara 44 tare. Da ta rasu a Fabrairu 1994, sai ya daina fita sosai. A ƙarshen 1996 ya ƙi yarda a canja batirin na'urar da ke taimaka wa zuciyarsa, ya bi ta ranar 2 ga Yuli, 1997.

To ga inda nake so mu tsaya. Shi da Fonda hannun riga ne a siyasa: shi ɗan Republican, Fonda ɗan Democrat. Ana ba da labarin cewa musu ya taɓa kai su ga ba hammata iska, daga nan suka yi alkawarin ba za su sake zancen siyasa ba. In sun haɗu sai su baje katako da gam, su yi awanni suna haɗa jirgi, magana ba ta wuce ta miƙo kaza. Kuma fa an jarraba abotar. A Yuni 1969 aka kashe Ronald a yaƙin Biyetnam. A 1972 Jane, 'yar Fonda, ta je Hanoi, hedikwatar abokan gaba, tana sukar yaƙin. Duk da haka suna tare har Fonda ya rasu a 1982.

Kafanchan gari ne da layin dogo ya tara wa jama'a daga ko'ina: Hausa, Fantswam, Bajju, Ibo, Yarbawa. Rikicin Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina. Bayan zaɓen Afrilu 2011 kasuwar garin ta ƙone. Na san mutanen da suka yi wasan ƙasa tare, yau ko gaisuwa babu.

Ba ina cewa yin shiru yana biyan haƙƙin wanda aka zalunta ba. Wannan aikin hukuma ne da shugabanni, kuma dole a ci gaba da nema. Amma tsakanin maƙwabci da maƙwabci, a Sabo ta Ibadan ne, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, dole a samu wani abu da siyasa ba ta shiga: adashi, ƙwallon yamma, gyaran kwata, zuwa jana'iza da suna. 'Yan siyasa za su zo da zaɓensu su wuce. Mai shagon kusa da naka yana nan, kuma ran da ƙura ta tashi, ƙofarsa ce ta fi kusa.