Taƙaitaccen tarihin Charles Rennie Mackintosh

An haifi Charles Rennie Mackintosh ne a ranar 7 ga watan Yunin 1868 a birnin Glasgow na yankin Scotland, inda mahaifinsa yake aikin ɗan sanda.

A 1884 ya fara koyon zanen gine-gine a wurin John Hutchison, da dare kuma yana ɗaukar darasi a Makarantar Koyon Zane ta Glasgow. A 1889 ya koma kamfanin Honeyman da Keppie.

A wannan kamfani ne ya zana zauren taro na Ruchill, wanda aka kammala a 1899 a wata unguwar ma'aikata da ke arewacin birnin. Wata majami'a ce ta sa aka yi ginin domin hidimar mutanen unguwar.

Zauren bene ne na dutse mai hawa ɗaya, da babban ɗakin taro da ƙananan ɗakuna, da kuma gidan mai gadi a gefe. Ya tsara tagogin ne bisa buƙatar ɗakunan da ke ciki, shi ya sa girmansu ya bambanta.

Sai dai da aka tashi gina majami'ar kanta a kusa da zauren, wani mai zanen, Neil Duff, aka bai wa aikin.

Aikinsa mafi shahara shi ne sabon ginin makarantar da ya yi karatu a cikinta, wanda aka kammala a 1909. Shi da matarsa Margaret Macdonald, wadda ya aura a 1900, sun sha yabo a birnin Vienna, amma a gida ayyuka suka yi ta ja baya har ya bar kamfanin.

A 1914 suka koma ƙauyen Walberswick a Ingila, inda aka zarge shi da yi wa Jamus leƙen asiri lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1923 suka ƙaura zuwa kudancin Faransa, ya duƙufa ga zanen hotuna.

Ya mutu a London a ranar 10 ga watan Disamban 1928, yana da shekara 60, bayan fama da cutar daji.

Gobara ta lalata ginin makarantar a 2014, ta sake cinye shi a 2018. Ƙaramin zauren na Ruchill kuwa yana nan tsaye har yau.