Robert Koch, likitan da ya duba dalilin da masassara ta fi kayar da yara

Kowace damina muna gani: masassarar cizon sauro na kayar da yara, manya kuwa galibi suna tsaye. Robert Koch, likitan Jamus da aka haifa a 1843, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya bi diddigin wannan. A 1900, a tsibirin Niyu Gini, ya duba jinin mutanen ƙauyuka. Jinin ƙananan yara cike da ƙwayar cutar, na manya kuwa sai ɗai-ɗai. Nan ya fahimci jiki na koyon kare kansa ne bayan an sha kamuwa. Yau mun san garkuwar tana raguwa in mutum ya daɗe inda babu cutar, ƴan uwanmu na Turai ku ji. Koch ya rasu a 1910.