Markoni da Ranar da Aka Yi Masa Kutse a Gaban Jama'a

Duk ɗalibin da ya taɓa saka data ranar Litinin, kafin Laraba ya tarar maƙwabta sun shanye ta ta Wi-Fi ɗinsa, to ya ɗanɗani irin abin da ya sami Guglielmo Markoni a shekarar 1903. Sai dai shi abin ya same shi ne a gaban manyan masana a Landan.

An haifi Markoni ranar 25 ga Afrilu, 1874, a birnin Bolonya na ƙasar Italiya. Mahaifinsa attajiri ne mai gonaki, mahaifiyarsa Annie Jameson kuwa 'yar Ailan ce. Bai yi digiri ba, yawancin karatunsa a gida malamai suka koya masa. Amma wani farfesan kimiyyar lantarki, Augusto Righi, ya bar shi yana shiga darasinsa. A 1894, yana ɗan shekara ashirin, wato sa'an da yawa daga cikinmu, ya mayar da wani ɗakin bene na gidansu wurin gwaji. Burinsa ya aika saƙon talgiram ba tare da waya ba.

Da farko saƙon ba ya wuce ɗan taƙi. Sai ya lura cewa in ya ɗaga eriya sama, ya kuma haɗa na'urar da ƙasa, saƙon yana ƙara nisa. A 1895 saƙonsa ya tsallake wani tudu, tafiyar wajen kilomita biyu. Ɗan'uwansa Alfonso da ke can bayan tudun ya sa aka harba bindiga don ya san saƙo ya iso.

A 1896 ya tafi Ingila tare da mahaifiyarsa, inda babban injiniyan gidan waya, William Preece, ya riƙe hannunsa. Ya kafa kamfani a 1897. Ya sanar cewa ranar 12 ga Disamba, 1901, ya ji harafin S, wato ɗigo uku na rubutun Morse, an aiko shi daga Poldhu a Ingila zuwa Niyufanlan, ƙetaren Tekun Atlantika.

To, a nan matsala ta kunno kai. Saƙon waya yana bin igiya ne, sai wanda ya taɓa igiyar zai ji. Na iska kuwa kowa da ke da eriya yana iya kamawa, kuma masu aikawa biyu kan yi karo da juna. A 1900 Markoni ya yi rajistar wata dabara mai lamba 7777, ta saita na'urar aikawa da ta karɓa a kan zango ɗaya. Dabarar ta rage karon, sai shi kuma ya shiga tallata cewa ta sa saƙonsa ya zama sirri.

A watan Yunin 1903, abokin aikinsa Farfesa John Ambrose Fleming yana lacca a Royal Institution da ke Landan, ana jiran saƙon Markoni daga Poldhu. Kafin ya iso, sai na'urar ta fara buga wasu kalmomi na ba'a da ke zargin Markoni da yaudarar jama'a. Ashe wani mai wasan rufa-ido ne, Nevil Maskelyne, wanda shi ma gwanin harkar ne, ya kafa tasa na'urar a kusa. Tun kafin nan ma ya riga ya kafa doguwar eriya a Kwanwal yana sauraron saƙonnin kamfanin. Fleming ya fusata ya rubuta wa jarida, Maskelyne kuma ya fito ya amsa cewa shi ne, don a gane babu wani sirri.

Abin bai karya Markoni ba. Ya sami kyautar Nobel a 1909 tare da Bajamushe Karl Ferdinand Braun. A 1912 ma'aikatan kamfaninsa ne suka aika kiran neman agaji daga jirgin ruwan Titanic, aka ceto wajen mutum 700. Amma tarihinsa yana da tabo: ya shiga jam'iyyar Fasist ta Musolini a 1923, ya kuma riƙe manyan muƙamai ƙarƙashinta. Ya mutu a Rum ranar 20 ga Yuli, 1937, gidajen rediyo suka yi shiru na minti biyu don girmama shi.

Yanzu mu dawo kan Wi-Fi ɗinmu, don shi ma rediyo ne. In sabis yana ja, ka tuna da eriyar Markoni: ɗaga na'urar sama, ka sa ta a tsakiyar gida, nesa da bango mai kauri da ƙarfe. In Wi-Fi ya yi yawa a unguwa, karo suke yi, sai ka canja tasha zuwa 1, 6 ko 11 a zangon 2.4 GHz, ko ka koma 5 GHz in kana kusa da na'urar.

Batun tsaro kuwa, kada ka maimaita kuskurensa. Ɓoye sunan Wi-Fi daidai yake da ɓuya a kan zango, mai nema zai gano. Makulli ne ke karewa. Tsarin WEP tun 2001 aka fasa shi, saboda haka ka zaɓi WPA2 ko WPA3. Ka sa doguwar kalmar sirri wadda ba lambar wayarka ba ce, ba sunan budurwa ba. Ka canja ta shafin saiti da na'urar ta zo da ita, ka kashe WPS, ka riƙa leƙa jerin wayoyin da suka hau. In ka ga baƙuwa, Maskelyne ɗinka ne ya iso, canja kalmar a ranar.