William Bateson: Malamin da Ya Karanci Gado a Jikin Kaji (1861–1926)

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, duk macen da ke kiwon kaji ta san cewa kaza kan kwanta a kan ƙwai kwana 21, wasu su ƙyanƙyashe, wasu kuwa su zama baragurbi. Ta kuma san cewa fingi kan haifi fingi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bin diddigin wannan al'amari a kimiyyance shi ne William Bateson.

An haife shi a garin Whitby na ƙasar Ingila a shekarar 1861, ya yi karatun ilimin dabbobi a Jami'ar Cambridge. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne bambance-bambancen da ake samu tsakanin halittu 'yan jinsi ɗaya. A shekarar 1898 ya fara haɗa kaji iri daban-daban barbara. Da aka sake gano aikin Gregor Mendel kan tsirrai a 1900, sai Bateson ya gwada shi a kan kaji. A 1902 ya nuna cewa siffar zankon kaza tana bin ƙa'idojin gado da Mendel ya gano.

Shi da abokin aikinsa Reginald Punnett ba sa zubar da ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa. Sukan fasa shi, su duba ɗan tsakon da ya mutu a ciki, matarsa Beatrice tana rubuta siffofinsa, domin barin matattun a bayan lissafi zai ɓata sakamako.

Ya sha suka daga manyan masana, har da tsohon amininsa Weldon, amma bai ja da baya ba. Shi ne ya raɗa wa ilimin gadon halitta sunansa na Turanci a 1905. Ya rasu a 1926.

Bayan rasuwarsa, a 1930, Landauer da Dunn a Amurka suka nuna cewa idan aka haɗa wasu kaji masu gajerun ƙafafu, masu kama da durgu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakinsu kan mutu tun a cikin ƙwai. Ashe ba kowane baragurbi ne laifin kwanci ba. Wani daga gado yake.